Baba Harrison a Ƙofar Makokin Nababa

Suraj ya yi ƙarya. Ƙaryar kuma a kan tsoho ya ɗora ta, baƙo wanda ba ya jin harshenmu balle ya kare kansa. Na fara da wannan ne don kada a ce na yi kwana-kwana. A lokacin Suraj shi ne sakataren ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Doha, yana kuma aiki a sashen shirya taruka na wani otal a Lusail. Tsohon kuwa sunansa Harrison, baƙar fata ne ɗan Amurka, sana'arsa busa, shi ma a otal ɗin yake aiki. Mutanenmu Baba Harrison suke ce masa. Watan gobe zai ajiye aiki ya koma ƙasarsu, kuma bai kamata ya hau jirgi ba a faɗi abin da ya yi mana da abin da muka yi masa ba.

Abin da yake busawa saksofon ake kira. Ƙaho ne na tagulla, lanƙwasasshe kamar lofe, jikinsa duk maɓallai, a wuya ake rataya shi. Irin kiɗan kuma jaz sunansa.

A wani ƙaramin ɗaki yake zaune a unguwar Al Mirqab, saman shagon ɗinki. Kiran sallar asuba ke tashinsa, ko da yake ba Musulmi ba ne. Yakan dafa shayi ba sukari, ya jefa ɗan siririn karan da ake maƙalawa a bakin ƙahon cikin kofin ruwa don ya yi laushi, ya zauna har maƙwabta su fita aiki. Sannan ya buɗe durowar kayansa, ya cusa bakin ƙahon tsakanin rigunan da ke rataye, ya fara. Rigunan ke shanye ƙarar. Kuma ba wata waƙa yake busawa ba. Sauti ɗaya zai kama, ya ja shi, ya ja shi har numfashi ya ƙare, ya huta, ya kama na gaba. Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, kansa a cikin durowa, yana maimaita abin da ake koya wa ɗan koyo ranar farko. Telan da ke ƙasa ya ce ya daɗe yana zaton na'urar sanyaya ɗaki ce ta lalace a sama. Da an kira azahar kuwa sai ya tsaya cak, ko a tsakiyar sauti ne. Babu wanda ya umarce shi da haka.

Bayan la'asar motar ma'aikatan otal ke zuwa ɗaukarsa. Direbanta Nababa ne, mutumin Azare, Allah ya jiƙansa. Kujerar gaba ta Baba Harrison ce, kowa ya sani. A nan ya ba Nababa tarihinsa guntu-guntu, da Turancin Nababa mai karyewa da ɗan Larabcin titi, Nababa kuma ya baza shi a cikinmu, don shi bakinsa ba ya ajiya.

A wani ƙaramin gari kusa da New Orleans aka haife shi. Mahaifinsa dako yake yi a tashar jiragen ruwa, mahaifiyarsa tana dafa abinci a coci. Kawunsa ne ya bar masa ƙaho na farko, wanda aka ɗaure wani maɓallinsa da roba. Ya yi busa a badujalar soja. Da ya fito ya nufi Chicago, ya shiga ƙungiyoyin makaɗa, yau wannan gari gobe wancan, barci a mota, wanka a tasha. Bai taɓa zama shugaban ƙungiya ba. Kullum yana baya, a layi na biyu, wani yana gaba ana yi masa tafi. Akwai faya-fayai da yawa da numfashinsa ke ciki, amma sunansa sai ka sa tabarau za ka gano shi a bayan kwali. Giya ta kusa kashe shi, ta cinye masa aure, ta raba shi da 'yarsa na tsawon shekaru. Ya bar ta da kansa, kuma tun kafin a haifi yawancin ɗalibanmu da ke karatu a nan bai sake kai ta bakinsa ba. Da aiki ya yi wuya a can, wani ya yi masa hanyar kwantiragi a Doha. Ya zo da niyyar shekara ɗaya, ya wuce goma.

Nababa bai taɓa gane sana'ar nan ba, kuma bai ɓoye ba.

"Baba, wai wa kake wasawa ne?" in ji shi wata rana a hanyar Lusail.

"Ba kowa."

"To ina waƙar?"

"Babu waƙa."

"Ba waƙa, ba kirari, ba ubangida. In ka gama wa zai ba ka riga? Kuma jiya na leƙa na ji ka busa wani abu, yau ka sake busa shi ya fito daban. Tsufa ne, mantuwa kake yi?"

Tsoho ya yi dariya har da tari. "Da gangan ne. Jiya daban, yau daban."

"Wallahi Baba, da a garinmu ne da tuni an sallame ka."

Ni ma ban gane ba, kuma ba zan yi ƙaryar na gane ba. Ba na sauraron kiɗa, wurin da yake aiki kuwa ana sayar da abin da bai halatta ba, ban taɓa taka shi ba. In aka tambaye ni hukuncin sana'arsa na san abin da zan ce. In aka tambaye ni hukuncin mutumin, a nan kaina ke ɗaurewa, don ga abin da shaidu suka gani.

Ciwon huhu ya kwantar da Nababa. Juliet, nas ce 'yar Kafanchan da ke aiki a ɗakin masu ciwon ƙirji, ita ta ba da labarin. Ta ce a makon farko mutanenmu sun cika wurin, a na biyu suka ragu, daga nan sai ƙanensa Ghali, ɗalibi mai neman digiri na biyu, da wani dogon tsoho mai hular Turawa da ke zuwa kowace safiya. Tsohon ya tarar da Nababa yana haki, kafaɗunsa na hawa da sauka, idanunsa sun firfito don tsoro. Sai ya nemi izinin likita, ya kawo kofin ruwa da tsinken shan lemo. Ya ɗora tafin hannun Nababa a kan cikinsa shi, ya ja iska, cikin ya kumbura kamar salka. "Daga nan ake numfashi," ya ce, "ba daga wuya ba. Yanzu hura a ruwan nan a hankali. Kumfa ƙanana nake so, kada su yanke."

"Baba, da girmana ka sa ni wasan yara?"

"Yalla, hura."

Nababa ya hura. Ciwon bai warke ba, amma tsoron ya ragu, ya fara samun barci. Na gadon kusa, wani ɗan Nepal, ya ce shi ma a ba shi tsinke. Kafin wata ya ƙare, in ji Juliet, in ka shiga ɗakin da safe sai ka ga ƙarti a jere kowa da kofinsa, 'yan Bangladesh da 'yan Kenya da namu, ana gasar wanda kumfarsa za ta fi daɗewa, tsoho yana zagayawa yana dafa cikin kowa. Ba aikinsa ba ne, ba ɗan uwansa ko ɗaya a ciki. Kai ne wannan, Baba Harrison, dogo mai dogon numfashi. Kai ne ka riƙe kofin Nababa ranar da hannunsa ya kasa riƙewa, lokacin da mu da muke sahu ɗaya da shi a masallaci muke aiko da gaisuwa ta waya.

Nababa ya rasu da hantsi, bayan tsoho ya koma gida, aka yi masa sutura a nan Doha. Aka yi zaman makoki a gidan Alhaji Garzali, dattijon ƙungiyarmu, a unguwar Al Gharrafa.

To, akwai wani abu a tarihin tsohon da Nababa bai taɓa kawo mana ba, ko bai ji shi ba ne, ko ya ji ya ɗauka wasa ne. A garinsu Baba Harrison, in mutumin kirki ya mutu, masu busa ke raka shi. Suna tafe bayan gawa a hankali, suna busa mai nauyi har bakin kabari. Haka aka raka mahaifinsa, shi kansa yana cikin masu busar, hawaye na shiga masa baki. A wurinsu wanda aka binne shiru shi ne wanda ba shi da kowa. Tsoho ya ji an binne abokinsa tun bai samu labari ba, ba busa ba komai, abin ya tsaya masa a rai.

Ranar sadakar uku ya sa baƙaƙen kwat da farar safar hannu, ya ɗauki akwatin ƙahonsa, ya hau tasi. Ya sauka a ƙofar gidan Alhaji, inda maza ke zaune a kan darduma ana ta salati. Ya cire hula, ya buɗe akwati, ya harhaɗa ƙaho, ya rataya a wuya, ya miƙe tsaye kamar soja.

Wani ya ce, "A'uzubillahi!" Wani ya ce, "Wa ya gayyato shi?" Ghali yana cikin gida ana rabon abinci. Alhaji Garzali ya taso da sandarsa, shi kuma Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba.

"Baba, lafiya? Me ake ciki?"

"Na zo in raka abokina," in ji tsoho da Turanci.

"Me ya ce?"

"Ya ce party," in ji wani daga baya, wanda shi ma bai ji ba.

Kowa ya kama magana lokaci ɗaya. Alhaji ya ɗaga hannu biyu yana cewa, "Khalas, khalas," wato "ya isa" da Larabci, yana nufin jama'a su yi shiru. Tsoho ya ga hannun a ɗage, ya ga fuskoki a murtuke, ya ɗauka shi ake kora. Ƙahon bai kai bakinsa ba. Ya kwance shi, ya mayar a akwati, ya sa hularsa, ya tafi a ƙafa cikin rana yana neman tasi.

Da abin ya tsaya nan, da rashin fahimta ne kawai, Ghali ya je ya ba shi haƙuri a wuce wurin. Amma Suraj yana gefe da wayarsa, kuma a lokacin yana neman kujerar shugaban ƙungiya. Ya ɗauki bidiyon tsoho tsaye da ƙaho a wuya. Ya koma ofis, inda yake da tarin bidiyon wasannin otal, ya ciro sautin wata busar rawa da tsohon ya yi a wani biki, ya ɗora a kai. Ya tura zauren ƙungiya na waya da rubutu cewa ga yadda ake wulaƙanta mamatanmu shugabanni suna kallo, shi in an zaɓe shi ba zai lamunta ba. Mutumin da ke sayar da tikitin wannan busar kowane mako, shi ne ya tashi kare addini da ita.

Abin da ya biyo baya shi ne abin kunyarmu. Mutanen da ke zaune a kan dardumar nan, da kunnuwansu, suka fara shakka. Wani ya ce shi dai kamar ya ji wani sauti. Wani ya rantse an busa, har ya kwaikwayi yadda aka busa. Alhaji Garzali kansa ya ce shi tsufa ya kama shi, ba zai iya rantsuwa ba. Bidiyo ya fita daga zaurenmu ya isa wurin manajan otal. A ƙasar nan ba a wasa da irin wannan zargi. Aka dakatar da tsoho, aka gaya masa in bincike ya tabbatar, kafil, wato mai ɗaukar nauyinsa a ƙasar, zai soke zamansa, ya fita cikin 'yan kwanaki. Shekara hamsin na busa za su ƙare da sunan wanda ya yi rawa a kan gawar abokinsa.

Shi kuwa yana ɗakinsa a Al Mirqab, ya kasa gane komai. Telan ƙasa ne ya nuna masa bidiyon. Ya kalla, ya sake kalla. Jikin nasa ne. Busar ma tasa ce, ya san ta kamar yadda mutum ya san muryarsa. Ya tuna ya kwance ƙaho bai busa ba, amma ga shi yana ji. Kawunsa da ya bar masa ƙaho haka ya fara kafin hankalinsa ya gushe, yana yin abu yana mantawa. Ya daina buɗe durowa. Da Ghali da Juliet suka zo duba shi, suka tarar da shayi ya huce a gabansa.

"Ghali, gaya mini gaskiya," ya ce. "Na busa?"

"Baba, ina cikin gida, ban gani ba."

"In na busa wannan a ƙofar Nababa, to ba kora ta kamace ni ba, asibiti ya kamata a kai ni. Ba wannan na je busawa ba. Wannan ta masu rawa ce."

Juliet ta karɓi wayar ta saurara, ta sa a kunne ta sake saurara. Sannan ta ce, "Baba, sha shayinka. Ranar Juma'a ka sa kaya, za mu zo mu ɗauke ka."

Ranar Juma'a bayan la'asar ƙungiya ta zauna a gidan Alhaji. Ina wurin. Suraj ya yi jawabi mai tsawo, da aya da hadisi. Juliet ba 'yar kwamiti ba ce, tana bakin ƙofa tare da matan da suka zo. Ta ɗaga hannu.

"Alhaji, a yi mini afuwa, tambaya gare ni. A sake kunna mana bidiyon."

Aka kunna.

"To, mai gangar nan a ina ya zauna?"

"Wane mai ganga?" in ji Alhaji.

"Ga ganga nan ana bugawa, Alhaji, ga fiyano. Ni dai ina cikin mata ranar, ban ga an shigo da fiyano ba. Ko ta ƙofar baya aka bi da shi? Ga tafi ma a ƙarshe. Cikinku wa ya yi tafin?"

Aka sake kunnawa. Ganga tana nan, fiyano yana nan, har da ƙarar cokula a kan faranti. Mako guda muna tura abin nan ga juna, fushi ya toshe mana kunne. Wanda ya rantse an busa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Alhaji ya juya ya dubi Suraj.

"Suraj, ɗana, ina mai gangar?"

"Alhaji, ai manufar ita ce a faɗakar..."

"Ban tambaye ka manufa ba. Ka zauna."

Ghali ya fassara wa tsoho, wanda suka zo da shi, abin da ya faru. Tsoho ya ce, "Ashe ban haukace ba." Mun zaci zai nemi hakkinsa a kan Suraj. Ko kallonsa bai yi ba. Sai ya fuskanci Alhaji ya ce:

"Tambaye shi, Ghali. Me ya kamata in yi ranar nan? Ban so in tafi ban yi wa Nababa abin da ake yi ba."

Alhaji ya ce a gaya masa ya cire takalmi. Ya cire. Alhaji ya ce ya zauna a kan darduma kusa da Ghali. Da ƙyar gwiwoyinsa suka lanƙwasu, mutum biyu suka taimaka masa. Alhaji ya ce ya kama hannun Ghali ya ce masa, "Ya haƙuri."

"Ya haƙuri," in ji tsoho, harshe na karyewa.

"Haƙuri sai ma'aiki, Baba," in ji Ghali.

Tsoho ya jira. Da ya ga ba a ƙara komai ba ya ce, "Sai me?"

"Shi ke nan," in ji Alhaji. "Sai ka zauna."

"Mutum kamar Nababa, mai surutu kamar rediyo, a sallame shi da zama shiru?"

"Mu addu'a muke yi masa."

"Ni ma ita na zo yi ranar nan. Da ƙahon na iya ta."

Ghali ya fassara. Alhaji ya dubi malaman da ke wurin, su ma suka dubi ƙasa. Ba a ba shi izinin busa ba, ba kuma za a ba shi ba, haka addininmu yake. Amma babu wanda ya samu amsar da zai ba shi, ni ma har yau ban samu ba. Ya zauna tare da mu har aka kira magariba, muka tashi salla, shi kuma ya tsare mana takalma.

Washegari Alhaji da Ghali suka je otal suka yi bayani da bakinsu. Aka mayar da shi bakin aiki, zai cika kwantiraginsa ya tafi da mutuncinsa wurin 'yarsa da jikokinsa.

Baba Harrison, mun gode. Kai ne baƙon da ya yi jinyar ɗan uwanmu muna gidajenmu. Kai ne muka kunyata a ƙofa, ka dawo ka cire takalmi ka tambaye mu yadda ake yi. Ban san inda zan ajiye sana'arka ba, amma halinka na san inda yake, sama da na da yawa daga cikinmu. Allah ya kai ka gida lafiya, ya shiryar da mu da kai. Ku kuma 'yan uwa, ba na ce ku koyi busa ba. Cewa na yi in ɗan uwa ya kwanta ku je, ku sake zuwa bayan mako na biyu, kuma in an turo muku abu a waya ku saurara kafin ku tura.

Suraj kuwa, ƙungiya ta cire shi daga sakatare a zaman ranar. Otal ya kore shi saboda amfani da kayan aikinsa wajen ƙirƙirar ƙarya, kafil ya soke zamansa. Ya riga tsohon barin Doha, kuma babu wanda ya raka shi filin jirgi.